Om 4, Om 2 Ko Om 1? Lissafin Da Ke Hana Amfilifayar Mota Ƙonewa

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a gaban masu haɗa kayan sauti na mota. Mutum ya sayi amfilifaya sabuwa dal da wufa biyu, an ɗaura masa su a but, ranar farko bes na girgiza gilashi har maƙwabta na leƙowa. Bayan 'yan kwanaki, da ya yi tafiyar minti ashirin cikin rana sai kiɗa ya yanke, ƙaramar fitilar da ke jikin amfilifayar ta koma ja. Ya kashe, ta huce, ta dawo. Haka za a yi ta yi har ranar da ba za ta dawo ba, sai ƙaurin roba ya cika motar. Daga nan laifi ya koma kan kaya: jabu ne, an cuce shi a kasuwa.

Akwai jabu a kasuwa kam, babu musu. Amma sau da yawa amfilifayar lafiyarta ƙalau aka sayo ta, kaya aka ɗora mata da ya fi ƙarfinta. Girman wannan kaya yana rubuce a bayan maganaɗisun kowace sifika, lamba ɗaya tare da alamar Ω mai kama da kofaton doki: om 8, om 4 ko om 2. A jikin amfilifaya ko a littafinta ma akwai irin wannan lamba, wato mafi ƙarancin om ɗin da za ta iya ɗauka. Matsalar tana tasowa ne a tsakanin lambobin nan biyu, domin abin da amfilifaya ke gani shi ne jimillar da ta fito bayan an haɗa wayoyi, kuma wannan jimilla tana iya zama rabin abin da ke rubuce a jikin sifikar, ko ma kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da lambar ke nufi

Om ma'auni ne na turjiya, wato yadda abu ke tare wa lantarki hanya. Sunan ya fito daga Georg Simon Ohm, malamin lissafi da kimiyya ɗan ƙasar Jamus, wanda a 1827 ya wallafa dokar da duk mai gyaran rediyo ke aiki da ita ko da bai san sunanta ba: yawan lantarkin da ke kwarara daidai yake da ƙarfin turawa idan an raba shi da turjiya. Ana auna ƙarfin turawa da bolt, kwarara da amfiya, turjiya da om. Idan an ninka bolt da amfiya sai a sami wat.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne ɗaukar cewa ƙaramar lamba na nufin ƙaramin nauyi. Akasin haka ne. Amfilifaya kamar famfo ce mai tura ruwa da matsi guda. Idan bututun siriri ne, ruwa kaɗan ke wucewa, famfon na aiki a natse. Idan aka faɗaɗa bututun, ruwa ya ƙaru, famfon kuma dole ya ba da shi ko ya galabaita. Sifika mai om 8 siririn bututu ce, mai om 1 kuwa ƙaton bututu ne.

A ce amfilifaya na fitar da bolt 20. A kan om 4 za ta ba da amfiya 5, wato wat 100. A kan om 2 za ta ba da amfiya 10, wat 200. A kan om 1 kuwa amfiya 20 ake nema a wurinta, wat 400. Wannan ne ke jan hankalin masu son ƙara: ga ƙarin ƙarfi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai dai duk wannan amfiya ta cikin tiransistoci da wayoyin amfilifayar take bi, kuma zafin da waya ke yi ba ninki biyu yake ƙaruwa ba idan kwarara ta ninka, ninki huɗu ne. Daga om 4 zuwa om 1 kwarara ta ninka sau huɗu, zafin da ke tashi a wayoyi da mahaɗai ya ninka sau 16.

Akwai wani abu kuma. Turjiyar sifika ba ta tsaya wuri ɗaya. A cikinta akwai koyil, siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe tana kai da komo a cikin maganaɗisu, tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana a 1925, wanda har yau shi ake amfani da shi. Sauti lantarki ne mai juyawa gaba da baya, don haka turjiyar koyil na canzawa gwargwadon kauri ko sirantar sautin. Irin wannan turjiya mai canzawa ita ce masanin Ingila Oliver Heaviside ya raɗa wa suna impedance a 1886. Wufa mai om 4 na iya hawa zuwa om 30 ko fiye a daidai zangon da faifanta ya fi saurin girgiza, ta sauko kusa da om 4 a sama da shi kaɗan, sannan ta sake hawa a hankali yayin da sauti ke ƙara sirancewa. Akwatin da aka saka ta ma yana canza wannan hawa da sauka. Lambar da ke jikinta kintace ne na ƙasan wannan zango. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta hukumar IEC ta ce bai kamata turjiyar ta faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na lambar da aka rubuta ba, wato om 3.2 ga sifika mai om 4.

Dalilin da ya sa mota ta tsaya a kan 4

Sifikun ɗaki galibi om 8 ne ko 6, na mota kuwa 4. Batir ne ya jawo haka. Batirin mota cikakke yana ba da bolt 12.6 idan inji a kashe yake, ya kai 13.8 zuwa 14.4 idan altaneta na caji. Rediyon da ke gaban mota ba shi da hanyar ɗaga wannan bolt, da shi yake aiki kai tsaye. Ko da dabarar tura sifika ta ɓangarori biyu a lokaci guda, wadda kusan duk rediyoyin yau ke amfani da ita, iyakar abin da lissafi ya ba shi a kan om 4 bai wuce wat 26 ba, a aikace kuma wajen 18 zuwa 22 ne kafin sauti ya fara gurɓata. Da om 8 aka yi amfani da shi, da rabin haka za a samu, ƙarar inji da iska su danne shi. Rubutun 50W x 4 da ke fuskar rediyoyi adadi ne na ƙololuwa, lokacin da sauti ya riga ya dagule.

Wannan dabara ta tura sifika ta ɓangarori biyu tana da sharaɗi guda da tsofaffin masu wayarin kan manta. Dukkan wayoyin sifika biyu suna ɗauke da sauti, babu wadda take as. Wanda ya ɗaure ta negetif a jikin ƙarfen mota, kamar yadda ake yi wa fitila, ya haɗa gajeriyar hanya ke nan, kuma abin da ke ƙonewa shi ne ƙwaƙwalwar sautin rediyon.

Littattafan rediyoyin Pioneer, Kenwood da Sony galibi sun ƙayyade om 4 zuwa 8 ga kowane layi. Allunan Android da suka cika motoci yanzu da yawansu na ɗauke da ƙwaƙwalwar sauti irin TDA7388 ko TDA7850 na kamfanin STMicroelectronics. Ta farko don om 4 aka yi ta. Ta biyu takardarta ta yarda da om 2, amma yardar takarda ba ta sanyaya na'urar da ke cushe a bayan dashbod da ɗan guntun ƙarfen sanyaya.

Amfilifaya ta daban, wadda ake ajiyewa a but ko ƙarƙashin kujera, ta bambanta. Tana da sashen da ke ɗaga bolt 12 zuwa 30, 40 ko fiye kafin ya isa sashen sauti, shi ya sa take iya ba da ɗaruruwan wat. Amma ita ma tana da iyakar amfiyar da za ta iya bayarwa, kuma wannan iyaka ita ce ake fassarawa da cewa tana ɗaukar om 2 ko om 1.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Maganar daidaita om na sifika da na amfilifaya gado ce daga zamanin na'urori masu kwalba, waɗanda ke da taransifoma mai mahaɗai daban-daban na om 4, 8 da 16, kuma dole a zaɓi wanda ya yi daidai. Amfilifayar mota mai tiransista ba ta buƙatar lambobi su zo daidai wa daida. Lambar da ke jikinta ƙasa ce da ba a son a gangara. Wadda aka rubuta wa om 2 za ta yi aiki lafiya da om 4 ko 8, sai dai wat ɗin ya ragu, ita kuma ta fi yin sanyi. Gangarawa ƙasa da 2 ne ke kashe ta.

Inda lissafi ke ɓacewa: haɗin wayoyi

Hanya biyu ce ta haɗa sifiku a layi ɗaya. Ta farko haɗin sarƙa, wanda masu wayarin ke kira siris: waya ta fito daga + na amfilifaya zuwa + na sifika ta farko, daga − ɗinta zuwa + na ta biyu, daga − na ta biyu ta koma amfilifaya. A nan tarawa ake yi, om 4 da om 4 sun zama 8. Ta biyu haɗin kafaɗa da kafaɗa, wato faralel: duk + a wuri ɗaya, duk − a wuri ɗaya. A nan, idan sifikun iri ɗaya ne, ana raba lambar ɗaya da yawansu. Biyu masu om 4 sun zama 2, uku sun zama 1.33, huɗu sun zama 1.

Faralel shi ne abin da hannu ke yi da kansa. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, a murɗa, a naɗe da tef. Shi ya sa wanda ya ce a ƙara masa sifika biyu a bayan kujera, aka jona su a wayoyin sifikun ƙofa, bai san ya mayar da layukan rediyonsa om 2 ba. Ranar zai ji sauti ya ƙaru. Abin da ba zai ji ba shi ne zafin da ke taruwa a bayan rediyon.

Idan lambobin ba iri ɗaya ba ne, ana ninka su a raba da jimillarsu. Om 4 da om 8 a faralel: 32 a raba da 12, ya ba da 2.67. Amfilifaya mai ɗaukar om 2 ba za ta damu ba, amma sifikun ba za su ci daidai ba, mai om 4 za ta sha ninki biyu na abin da mai om 8 ke sha. A haɗin sarƙa kuwa abin juyawa yake, mai babbar lamba ce ke shan kaso mafi yawa. Cakuɗa wufa iri biyu a layi ɗaya ba ya haifar da ɗa mai ido, ko da lissafin om ya fita.

Wufa mai koyil biyu, wadda ake rubuta wa DVC a kwali, ita ce ta fi jefa mutane cikin rami. Tana da mahaɗai huɗu maimakon biyu, kowane koyil da lambarsa. Wadda aka rubuta wa D4 tana da koyil biyu masu om 4 kowanne, kuma ba ta taɓa zama om 4 ita kaɗai: ko dai om 2 idan an haɗa koyilolin a faralel, ko om 8 idan an yi masu sarƙa. Mai D2 kuwa ko om 1 ko om 4. Idan wufa biyu ne masu D4, koyil huɗu ke nan: duka a faralel sun ba da om 1, a yi wa kowace wufa sarƙa sannan a haɗa biyun a faralel, sun ba da om 4. Om 2 ba ya cikin zaɓinsu. Wufa biyu masu D2 na ba da om 0.5, om 2 ko om 8.

Abin da wannan ke nufi a kasuwa a fili yake. Mai amfilifayar da ƙasanta om 2 ne, idan wufa ɗaya yake so D4 ce tasa, idan biyu yake so D2 zai nema. Wanda ya ɗauko D4 guda biyu ya rage masa ko dai ya haƙura da om 4, ko ya gangara om 1 ya jira ƙauri. Farashin D2 da D4 na samfuri ɗaya yawanci daidai yake, kwalinsu ma iri ɗaya, bambancin ƙaramin rubutu ne a gefe. A rumfunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano ko wata kasuwa makamanciyarta, mai saye kan tambayi wat nawa, inci nawa, da wuya ya tambayi koyil nawa.

Wasu kan jona koyil ɗaya su bar ɗayan a sake don su sami om 4 daga D4. Sauti zai fito, amma zafin duka ya taru a rabin wayar, ƙarfin da wufar ke iya ɗauka ya ragu, halinta a cikin akwati ma ya canza.

Tarko na gaba a jikin amfilifaya yake. Yawancin masu layi ɗaya, waɗanda ake kira mono, suna da gurbin waya huɗu, + biyu da − biyu. Ba layi biyu ba ne. A ciki a haɗe suke, an yi su ne don sauƙin ɗaure waya. Wufa mai om 2 a gurbin hagu da wata mai om 2 a gurbin dama sun zama om 1 a idon amfilifayar.

Sai wani wuri da tsoro ba shi da dalili. Saitin sifikar ƙofa mai zuwa da ƙaramar tuwita da akwatin raba sauti, ko da kowannensu om 4 ne, ba ya zama om 2. Akwatin yana ba tuwita siririn sauti, ya ba babbar mai kauri, don haka ba sa jan wuta a zango ɗaya. Saitin a om 4 yake.

Haɗin gada

Amfilifaya mai layi biyu ko huɗu galibi tana ba da damar haɗa layi biyu su tura wufa ɗaya, a ɗauki + na wannan da − na wancan, inda aka rubuta BRIDGED. Bolt ɗin da ke isa wufar ya ninka, kuma a lissafi wat ya ninka sau huɗu, ko da yake a aikace ya fi tsayawa tsakanin biyu da uku. Farashinsa shi ne kowane layi yana ganin rabin om ɗin da aka jona. Wufa mai om 4 a gada tamkar om 2 ce ga kowane layi. Don haka amfilifayar da ke ɗaukar om 2 a layi-layi, a gada om 4 ne ƙasanta. Mai D4 ɗaya da aka haɗa a faralel, om 2 ke nan, aka ɗora ta a gadar amfilifaya mai layi huɗu, ya sa kowane layi ɗaukar om 1. Wannan haɗi yana cikin waɗanda suka fi kai amfilifaya teburin mai gyara, kuma abin takaici yakan yi sauti mai daɗi a kwanakin farko.

Motocin da suka zo da nasu tsarin

Motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka, ta Legas ko ta Kwatano, wasunsu na ɗauke da tambarin JBL ko Bose a jikin ragar sifika: Camry, Highlander da Sienna a ɓangaren Toyota, Maxima, Altima da Murano a ɓangaren Nissan. Irin waɗannan suna da amfilifayar kamfani a ɓoye ƙarƙashin kujera, bayan dashbod ko a but, kuma da yawa daga sifikunsu om 2 ne, wasu ma ƙasa da haka, don a matso ƙarin wat daga bolt kaɗan.

Idan ɗaya ta fashe aka sa mai om 4 ta kasuwa, babu abin da zai ƙone, amma za ta sami rabin wat, ƙofar nan ta yi ƙasa da sauran. Mai motar yakan ce sabuwar sifikar ba ta da kyau, alhali lambarta ce ba ta dace ba. Haɗarin yana ɗaya ɓangaren: a cire rediyon kamfani a sa allon Android, a tsallake amfilifayar kamfani a jona sifikun kai tsaye. Yanzu na'urar da aka yi don om 4 tana tura om 2 a layi huɗu. Auna sifikun kafin a yanke waya ɗaya ba ya ɗaukar minti biyar.

Shin gangarawa om 1 ya biya?

A takarda rabin om na ba da ninkin wat. Amfilifaya ta gaske ba ta kai haka, domin sashen da ke ba ta wuta yana gajiya. Abin da aka saba gani shi ne kamar wat 300 a om 4, 500 a om 2, 750 ko 800 a om 1. Kunne kuma ba da wat yake aunawa ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, ana buƙatar wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Daga 300 zuwa 500 desibel 2.2 ne. Akwati mai kyau da aka yi daidai da wufar, mara zubar iska, yakan ba da fiye da haka ba tare da ƙarin amfiya ko ɗaya ba. Akwai ma amfilifayoyi, kamar wasu na JL Audio, da aka ƙera su ba da wat ɗaya tsakanin om 1.5 da om 4, wanda a kansu gangarawa ba ya ƙara komai.

Abin da gangarawar ke ƙarawa tabbas shi ne nauyi a kan wutar mota. Amfilifaya ajin AB tana mayar da kusan rabi zuwa kashi 65 cikin 100 na abin da ta ja zuwa sauti, sauran zafi ne. Ajin D na kai kashi 80 zuwa 90, amma ita ma tana raguwa idan om ya yi ƙasa. Mai ba da wat 1000 da kashi 80 tana jan wat 1250, wanda a bolt 14 ya kusa amfiya 90. Altanetar ƙananan motoci da yawa tsakanin amfiya 70 ne da 120, kuma daga nan fitilu, fankar lagireto, famfon mai da na'urar sanyaya ke ci. Idan fitilun gaba na dishewa duk lokacin da bes ya buga, bolt na faɗuwa ke nan, amfilifayar kuma na fara yanke kawunan sauti tun kafin ta kai wat ɗin da aka rubuta. A Daidaita Sahu lamarin ya fi tsanani, tunda batirinta da abin cajinta ba su kai na mota ba ko kusa.

Zafin gari ma yana cikin lissafin. A watannin Maris zuwa Mayu, Sakkwato, Maiduguri da Yamai na wuce digiri 40 a inuwa, but ɗin motar da ta yini a rana kuwa ya fi haka nesa. Amfilifayar da aka gwada a om 1 a ɗaki mai sanyi ta rasa babban kaso na sararin da take da shi kafin ta kashe kanta. Ga wanda ke tuƙi a irin wannan yanayi, tsayawa mataki ɗaya sama da ƙasan amfilifaya shawara ce mai ma'ana: mai om 1 a ba ta 2, mai 2 a ba ta 4 idan wat ɗin ya isa. Kuma kada a liƙa ta a ƙarƙashin kafet ko a kifa ta, ƙarfen jikinta iska yake nema.

Koyil ɗin sifika ma na da nasa labarin zafi. Turjiyar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, don haka koyil da ya yi zafi da ƙarin digiri 100 turjiyarsa ta hau da kusan kashi 40. Sauti ya ragu, direba ya ƙara murɗa ƙara, amfilifaya ta shiga yanke kawunan sauti, koyil ya ƙara zafi. Haka ake ƙona wufa ko da om ɗin daidai yake.

Duk wannan lissafi da wat na RMS ake yin sa, wato wanda na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Adadin MAX ko PMPO ado ne na kwali. Ƙa'idar CTA-2006 ta Amurka, wadda a da ake kira CEA-2006, ta tanadi a auna a bolt 14.4, a kan om 4, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma kamfanonin da ke bin ta suna buga tambarinta. Idan babu tambari, fiyus na tona asiri. Amfilifaya mai fiyus ɗaya na amfiya 25 ba za ta iya jan fiye da wat 360 a ɗore ba, wato 25 sau 14.4, kuma ba duka zai zama sauti ba. Idan kwalinta ya ce 3000, kallon kitse ake yi wa rogo.

Masu tallan magani da motocin yaƙin neman zaɓe da ke ɗaura lasifikoki masu bakin ƙaho a saman mota, doka ɗaya ce ke kansu. Yawancin waɗannan om 8 ne ko 16, huɗu masu om 8 a faralel sun zama 2. Wasu kuma suna da taransifoma a ciki don layin bolt 100 irin na masallatai da makarantu, waɗanda idan aka jona su a amfilifayar mota sai ɗan sauti kaɗan ya fito.

Aunawa kafin a kunna

Maltimita mai araha ta isa. A juya ta zuwa mafi ƙarancin ma'aunin om, a fara haɗa bakunanta biyu a ga abin da wayoyinta kaɗai ke nunawa, galibi 0.2 zuwa 0.5, a riƙa cire shi daga sakamako. Bayan an gama duk haɗin wufa, a auna a ƙarshen wayoyin nan biyu da za su shiga amfilifaya, alhali ba a jona su ba, kuma kada a taɓa faifan wufar, domin motsinsa na rikita mita. Abin da za a gani zai ɗan gaza lambar suna, tunda mita turjiyar waya kaɗai take aunawa: om 4 kan nuna 3.2 zuwa 3.6, om 2 kan nuna 1.6 zuwa 1.8, om 1 kan nuna ƙasa da 1. Wanda ya yi niyyar om 4 ya ga 0.9, ya san koyilolin duka a faralel suka tafi.

Ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 na tabbatar da cewa ba a juya waya ba. A ɗan taɓa + ɗinsa a wayar +, − a wayar −, dukkan fayafayan su turo waje tare. Idan ɗaya ta shige ciki, wufa biyun za su riƙa cinye bes ɗin juna. Idan koyil biyu na wufa ɗaya aka juya, faifan da ƙyar zai motsa, wuta kuma tana ta shiga tana zama zafi. Wannan gwaji na wufa ne da sifikun ƙofa, ba a yi wa tuwita.

Mataki na ƙarshe shi ne maɓallin GAIN, wanda da yawa ke ɗauka maɓallin ƙara ne su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turowa, kuma om ɗin da aka zaɓa ne ke faɗin inda zai tsaya. A ninka wat na RMS da om, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, amsar bolt 31.6. Wat 300 a om 4 ya ba da 1200, amsar bolt 34.6. Idan wufar ba ta kai amfilifayar ƙarfi ba, da wat ɗin wufar za a yi lissafin. A cire wayoyin wufa, a tada inji, a kashe duk wani ƙarin bes, a kai ƙarar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, a kunna sautin gwaji mai karkarwa sau 50 a daƙiƙa, a sa mita a ma'aunin bolt na AC a bakin fitar amfilifaya, a murɗa GAIN a hankali har lambar ta bayyana.

Bayan an mayar da wayoyi, yana da kyau a manna ɗan tef a jikin akwatin a rubuta irin koyil ɗin da jimillar om ɗin da aka haɗa, misali D2 biyu, om 2. Haɗin koyilolin a cikin akwati yake, kuma mai wayarin da zai taɓa motar nan gaba wayoyi biyu kawai zai gani sun fito.